Sabon Bijimi a Tsohuwar Karkiya

Manomin da ke huɗa da shanu a ƙasar Bagudo, daga Ka'oje har Illo, ya san wahala iri biyu: ta rasa bijimi guda ana tsakiyar damina, da ta haɗa sabon da ya sayo da tsohon da ya rage. Kuɗi sun fita, dillali ya karɓi la'adarsa, bijimi ya iso gida yana sheƙi, amma da aka ɗaura karkiya sai kunya ta karkace. Irin wannan halin mai gyaran tsohuwar kwamfuta yake shiga idan ya cire aisin memori (ɗan ƙaramin ɓangaren lantarki mai riƙe bayanai) da ya mutu, ya dasa wani, ya kunna, fuskar talabijin ta ci gaba da zama baƙa ƙirin.

Kwamfutocin da ake magana a kansu su ne na cikin gida na shekarun 1980, waɗanda ake jonawa da talabijin, kamar Commodore 64 da ta fito a Amurka a 1982, da ZX Spectrum da kamfanin Clive Sinclair ya fitar a Ingila a wannan shekarar. Masu sha'awa a Turai da Amurka suna farfaɗo da su har yau, amma an daɗe da daina ƙera aisin memorin da ke cikinsu, dole sai na hannu ko tsohon ajiya. A nan labarin ya zo gida. Mai gyaran waya ko laftof a garuruwan iyaka irin su Tsamiya, wadda ke fuskantar Segbana ta ƙasar Benin, ko Lolo a bakin kogin Kwara, shi ma da kayan Kwatano yake aiki, abin da aka ciro daga wani mataccen inji ba tare da tarihinsa ba.

A Commodore 64 ta farko, aisi takwas ne masu lamba 4164 suke riƙe da memorin kilobait 64. Kowane harafi da aka ajiye, an raba shi takwas, kowane aisi ya riƙe kashi ɗaya. Garma ɗaya suke ja su duka, in ɗaya ya gurgunce, aikin sauran bakwai ya lalace. Lafiyayyar na'ura kan nuna lamba 38911 da zarar an kunna ta, wato yawan gurbin da ya rage wa mai amfani. Idan lambar ta gaza haka, ko haruffa suka fito a hargitse, ko ba a ga komai ba, memori ake fara zargi. Aisin kamfanin Micron masu lamba MT4264 sun yi ƙaurin suna wajen mutuwa a wannan na'ura.

Tambayar farko da manomi mai hankali ke yi ita ce: me ya kashe na farkon? In ruwan kududdufin fadama ne ya sa masa ciwon hanta, sabon ma can za a kai shi shan ruwa. Ruwan shan aisi shi ne wutar lantarki. Adaftar Commodore 64 ta asali an cika cikinta da ƙaro mai tauri, kuma idan ta tsufa takan bar wutar da ya kamata ta tsaya a bolt 5 ta haura, memori kuwa yana cikin masu fara ƙonewa. A Spectrum lamarin ya fi sarƙaƙiya. Aisinta masu lamba 4116 wuta uku suke sha: bolt 5, bolt 12, da bolt 5 na ƙasa da sifili. Wani ɗan tiransisto mai suna TR4 ne ke taimakawa wajen samar da biyu daga ciki. Idan ya mutu aisin suna iya binsa, idan aisi ya lalace shi ma yana iya kashe tiransiston. Wanda bai ɗora mita ya auna wutar nan uku ba kafin ya dasa sabo, ya shirya sake komawa kasuwa.

A kara, mai saye ba ya yarda da bakin dillali, sai ya buɗe bakin bijimi ya dubi haƙora. Kasuwar tsofaffin aisi ma tana da nata algus. Akwai masu kankare rubutun asali, su shafa baƙin fenti, su buga lambar da ake nema a kan wani aisi daban ko matacce. Masu gyara kan goga auduga mai sinadarin asiton a bayansa, in baƙi ya biyo audugar, akwai magana. Suna kuma duban ƙafafun: guntun dalma ko lanƙwasa na nuna an taɓa dasa shi a wani wuri. Mafi tabbaci shi ne a gwada shi a na'urar gwajin aisi, ko a wata kwamfuta mai lafiya, tun kafin ya kusanci marar lafiyar. Gani ya kori ji.

Sai kuma batun hannu. Bijimin da ya saba tafiya a dama, in aka mayar da shi hagu, gardama zai yi ko da ƙalau yake. Sinclair, don rage tsada, ya sayi aisin da rabinsu ya lalace tun daga masana'anta, ya haɗa ƙarin memori na kilobait 32 da su a Spectrum mai kilobait 48. Na kamfanin Texas Instruments suna da lamba 4532 mai ƙarewa da 3 ko 4, na kamfanin OKI kuma 3732 mai harafin H ko L, alamar wane rabi ne mai rai. Wata 'yar waya a kan fanel ce ke gaya wa na'ura rabin da za ta yi aiki da shi, don haka dole takwas ɗin su zama 'yan hannu ɗaya. Mai gyara na iya sayo aisi na gaskiya, ya dasa shi daidai, na'ura ta ƙi, saboda kawai ya haɗa na hagu da na dama.

Haka nan tafiya da lokacin shayarwa. Lambar da ke ƙarshen sunan aisi, 15 ko 20, tana nuna saurinsa, nanosakan 150 ko 200. Mai sauri yana iya jiran abokinsa, mai nawa kuwa janye aikin baya yake yi. Sannan irin wannan memori mantuwa gare shi, sai ana zagayowa ana sabunta masa wuta a kai a kai. Wasu 4164 layi 128 suke so a zagaya cikin kashi 2 bisa 1000 na daƙiƙa, wasu kuma layi 256 cikin kashi 4. Ƙwaƙwalwar Z80, wadda kwamfutoci da yawa na wancan zamani suka yi amfani da ita, layi 128 kaɗai take ƙirgawa da kanta. A na'urar da ta dogara da wannan ƙirga, aisi mai son 256 yana iya tashi lafiya, sannan ya riƙa zubar da abin da aka ba shi ajiya. Irin wannan ciwo ya fi wahalar ganowa, domin lambar da ke bayan aisin iri ɗaya ce.

Wani lokaci kuma shanun ba su da laifi, karkiya ce ta tsage ko igiya ta tsinke. Wajen cire tsohon aisi, zafin ƙarfen dalma kan ɗaga siririn layin tagulla da ke kan fanel, ya yanke hanya ba tare da ido ya gani ba. Soket mai arha na iya ƙin kama ƙafa ɗaya. A Commodore 64 akwai aisi biyu masu lamba 74LS257 da ke nuna wa memori gurbin da ake nema, idan ɗaya ya lalace alamunsa sak na mataccen memori ne. Katirijin gwaji da ke sa fuskar talabijin ƙyaftawa sau kaza don nuna aisin da ake zargi yana taimakawa, amma inda ciwo ya bayyana yake nunawa, tushen na iya kasancewa a wani wuri. Shi ya sa ake bin kowace ƙafa da mita, a tabbatar hanyarta a haɗe take. A taɓa bayan kowane aisi da yatsa, wanda ya fi 'yan uwansa zafi sosai abin zargi ne. A riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda ana kunnawa, don a san wanda ya kawo sauyi.

Wannan tarbiyya tana aiki a kan teburin kowane mai gyara a Bagudo yau. Ram ɗin laftof DDR3 bolt 1.5 yake sha, DDR3L kuma 1.35, ramin shigarsu ɗaya ne, amma akwai laftof ɗin da ba ta karɓar na farkon ko da sabo ne fil. Saboda haka, malam mai gyara, kafin ka ɗora wa mai kaya laifi ko ka ce wa mai na'ura ta mutu, auna wuta, gwada abin da ka sayo, karanta lambarsa har ƙarshe, ka bi hanyoyin fanel ɗaya bayan ɗaya.