Dattijon da ke faɗuwa ta baya: cutar PSP da shekarun da take kama mutum

A gidajen Omdurman na ƙasar Sudan har yau a tire ɗaya ake cin abinci, kuma sau da yawa a bakin tiren ake fara lura da wannan cuta. Dattijo ya miƙa hannu ya kasa dacewa da kwanon miya, loma ta zube a gaban jallabiyarsa. Yara su kai shi a yanka masa tabarau, amma ba ta sauya zane ba, domin idon lafiyarsa ƙalau, juya shi ƙasa ne ya gagara. Bayan 'yan watanni ya miƙe daga kan sallaya ko daga bakin gadon angarib, sai ya tafi da baya, ƙeya ta bugu da ƙasa. Kowa ya ce tsufa ne.

Wani lokacin tsufan ne. Wani lokacin kuma cutar ƙwaƙwalwa ce da likitoci ke taƙaita sunanta da PSP. Likitoci uku a birnin Toronto na Kanada, Steele da Richardson da Olszewski, su ne suka fayyace ta a 1964. Wani furotin mai suna tau ne ke cunkushewa a cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa yana kashe su, musamman a sashen da ke sarrafa motsin ido da daidaiton tsayuwa da haɗiya. Ba ta da yawa, kusan mutum 5 zuwa 7 take kamawa a cikin 100,000, kuma har yanzu ba a samo maganin da ke warkar da ita ba.

Shekarun majiyyaci na cikin abin da likita ke fara dubawa. Galibi cutar tana bayyana ne bayan an haura 60. Ƙa'idojin gano ta da ƙungiyar likitocin cututtukan motsi ta duniya ta fitar a 2017 sun ce sai alamun sun fara daga shekara 40 zuwa sama ake kiranta PSP. In ƙasa da haka ne, a nemi wani dalili.

Mafi sanannen nau'inta, wanda aka sa wa sunan Richardson, faɗuwa yake kawowa tun a shekarar farko, wuya ya sandare, murya ta shaƙe, fuska ta zama kamar ta mai mamaki. Masu wannan nau'in sukan rayu kimanin shekara 6 zuwa 7 daga farawar alamun. Bincike da dama sun nuna wanda ta kama da manyan shekaru ya fi saurin jin jiki. Sai dai shekaru ba su kaɗai ke magana ba: wanda ya fara ƙwarewa da ruwa tun da wuri, ko tunaninsa ya fara rikicewa da wuri, shi ya fi shiga haɗari ko nawa ne shekarunsa. Abin da ya fi kashe masu cutar shi ne ciwon huhu, bayan abinci ko yawu ya bi hanyar iska.

Matsalar masu ƙananan shekaru daban take. Wani bincike da aka buga daga Landan a 2019 kan waɗanda cutar ta kama suna da shekara 55 ko ƙasa da haka ya gano cewa tasu ta fi farawa da nauyin gaɓɓai da maƙalewar ƙafa wajen tafiya, shi ya sa ake yawan ɗaukar ta a matsayin cutar Parkinson. Nau'in da ke kama da Parkinson ya fi tafiya a hankali, ana kai shekara 9 ko fiye da shi, kuma maganin levodopa yakan ɗan taimaka da farko kafin ya daina. Ko a Amurka, da duk kayan aikinsu, Jennifer Wexton, 'yar majalisar wakilai a lokacin, ta sanar a Afrilun 2023 cewa Parkinson take fama da ita, sai a Satumba, tana da shekara 55, ta fito ta ce likitoci sun gano PSP ce.

To, a Sudan akwai wani ƙulli kuma. Dattawa da yawa ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, takardar ƙiyasin shekaru suke riƙe da ita, wadda ke mai da kowa haihuwar 1 ga Janairu. Hausawan Kartum, jikokin mahajjatan da suka yada zango a hanyar Makka, ba su tsira daga wannan ba. Likitan da ke son sanin ko a 54 aka fara ko a 62, sai ya haɗa da tambayar wace damina ce, wane biki aka yi a shekarar.

Sannan ga yaƙi. Kafin ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilu 2023, asibitin koyarwa na Sha'ab da na jami'a da ke Soba, duka a Kartum, suna cikin wuraren da ake tura masu ciwon jijiya da ƙwaƙwalwa. Faɗan sojoji da dakarun RSF ya rufe yawancin asibitocin Kartum, ƙwararru da dama suka watse zuwa wasu jihohi, Masar da ƙasashen Larabawa. Asibitin Nau na Omdurman, wanda ya ci gaba da aiki, masu raunin harsashi da bam ne suka cika shi. A irin wannan hali, tsoho mai faɗuwa ta baya shi ne na ƙarshe a layi, kuma a ganina nan ne aka fi cutar da shi, domin abin da ke taimaka masa ba mai tsada ba ne: a ɗaga masa kwano zuwa daidai ido, a kaurara masa abin sha, ya ci a zaune a miƙe, ya yi sallah a kan kujera, a kawar da tabarmar da ke harɗe ƙafa.

Duk mai dattijo a gida da ya fara faɗuwa ta baya ko ya kasa kallon ƙasa, ya rubuta shekarar da abin ya fara da wanne ya riga wanne, ya nemi likitan ƙwaƙwalwa da jijiya, ya miƙa masa takardar.