Zafin Kona da zangon rediyo: Me ke sa tasha ta riƙa gudu?

A yankin Kona da ke gundumar Tasawa ta jihar Maradi a Jamhuriyar Nijar, kamar sauran karkarar ƙasar Hausa, duk mai tsohuwar rediyo ya san wannan matsala: a kamo tasha da safe tana fita tangaran, amma kafin azahar murya ta fara shaƙewa, sai an sake murza maɓalli kaɗan sannan ta dawo. Wasu kan ce batir ne ya yi sanyi, wasu kuma su ɗora wa iska laifi. Sau da yawa kuwa ba komai ba ne illa zafi.

Abin da mai karatu zai fara sani shi ne, kowace na'urar sadarwa marar waya tana da wani sashe a cikinta da ke kaɗawa ba tsayawa, kuma yawan kaɗawarsa a daƙiƙa ɗaya shi ne zangon da take magana ko saurare a kai. Idan aka ce tasha tana kan megahaz 100, ana nufin kaɗawa sau miliyan 100 ke nan a kowace daƙiƙa. A tsofaffin rediyoyi, naɗin waya ne da kondensa ke tsayar da wannan ƙidaya, su kuwa da sun ji zafi sai su ɗan buɗe, ƙidayar ta sauya, tasha ta zame daga inda aka bar ta. Hannun mai rediyo da ke komawa kan maɓalli shi ne ke yin saiti.

Na'urorin zamani sun dogara ne ga wani ɗan siririn dutse da ake rufewa cikin kwanson ƙarfe, wanda masu gyara ke kira kiristal. A shekarar 1880 ne wasu 'yan'uwa biyu a Faransa, Pierre da Jacques Curie, suka gano alaƙar irin wannan dutse da lantarki, sannan a 1921 wani Ba'amurke mai suna Walter Cady ya yi amfani da shi wajen tsayar da zango. Ya fi naɗin waya riƙe alƙawari nesa ba kusa ba, to amma shi ma yana jin zafi da sanyi. Alal misali, kiristal ɗin agogon hannu yana kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa, kuma an yanka shi ne don ya yi daidai a ma'aunin zafi 25. Idan zafi ya kai 45, kamar yadda yakan kai cikin ɗakin kwano a watan Afrilu da Mayu, yakan yi baya da kimanin kashi 14 cikin miliyan, wato agogo ya rasa daƙiƙa ɗaya da 'yan kai a kowace rana.

Ga agogo wannan ba abin damuwa ba ne. Ga wayar salula kuwa babbar magana ce. Tun da kamfanin Celtel ya fara aiki a Nijar a 2001, wayoyin da suka bazu har ƙauyukan Tasawa da Mayahi suna aiki ne da tsarin GSM, wanda ƙa'idarsa ta ce kada waya ta kauce wa turken sadarwa da fiye da kashi ɗaya cikin miliyan goma. A kan megahaz 900, kaɗawa 90 ke nan kacal cikin miliyan 900. Kiristal mai araha da ya karkace da kashi 10 cikin miliyan ya riga ya yi kuskuren 9,000, ninki ɗari na abin da aka yarda.

To yaya ake yi wayar 'yan kuɗi kaɗan take cika wannan sharaɗi a tsakiyar rana a kasuwar ƙauye? Amsar ita ce, ba ta dogara da kanta. Turken sadarwa, wanda ke da madogara mafi inganci, yana aiko wata alama ta musamman a kai a kai, ita kuma wayar sai ta auna nata kaɗawar da wannan alama, ta ja kiristal ɗinta sama ko ƙasa har su zo daidai. Tana yin haka tun daga lokacin da aka kunna ta tana neman sabis, ko rezo kamar yadda ake cewa a Nijar, kuma ba ta dainawa. Wasu na'urorin ma suna da ma'aunin zafi a gefen kiristal, tare da jadawalin da aka rubuta musu tun daga masana'anta, mai nuna gyaran da ya dace da kowane mataki na zafi.

Inda maganar ta fi shafar jama'a, a ganina, shi ne gidajen rediyon karkara. Na farko a Nijar an buɗe shi ne a Bankilare a 1999, kuma cikin shekaru goma adadinsu ya haura ɗari. Da yawansu ƙananan na'urori ne masu ƙarancin ƙarfi da ke aiki da hasken rana, a ɗakunan da ba su da na'urar sanyaya iska. Su ba su da wani turke da za su saurara su gyara kansu, domin su ne turken. Ƙa'idar duniya ta bai wa tashar FM sassaucin kaɗawa 2,000 ne, wato kashi 20 cikin miliyan a kan megahaz 100. Ban da zafi, kiristal yana tsufa, yana zamewa kaɗan-kaɗan shekara bayan shekara, musamman a shekararsa ta farko. Tashar da ta yi nisa da zangonta tana iya shaƙewa a rediyon cikin waya, wadda lamba take bi ba murzawa ba, ko ta matsa kusa da wata tashar. A yankin da sanarwar rigakafi da hasashen damina da cigiyar dabbobi duk ta rediyo suke isa, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Shi kansa saitin ba wani aiki ne mai wuya ba. Ana barin na'ura ta yi ɗumi tukuna, a haɗa ta da ma'aunin ƙirga kaɗawa, sannan a juya wani ɗan ƙaramin kondensa da sukundireba ta roba, ko a sauya lamba a cikin manhajarta, har ƙidaya ta zauna. Sai dai ma'aunin shi ma kiristal ne a cikinsa, don haka dole a gwada shi da abin da ya fi shi, galibi agogon tauraron ɗan Adam na GPS. Mai gyaran da ya yi saiti da kunne, ko ya yi shi da sanyin asubar hunturu ya tafi, ya bar aiki ne a baya, domin bazara na zuwa.

Akwai kuma ƙananan na'urori masu batir, irin abin saƙalawa a kunne na Bluetooth da ma'aunan yanayi da ake kafawa a gonaki. Waɗannan barci suke yi mafi yawan lokaci, su farka daidai lokacin da suka yi alƙawari da abokin maganarsu. Ƙa'idar Bluetooth mai ƙarancin cin wuta ta yarda agogon barcin ya yi kuskure har kashi 500 cikin miliyan, kusan daƙiƙa 43 a rana. Gwargwadon rashin tabbacin agogon, gwargwadon yadda na'urar za ta riƙa farkawa da wuri tana jira, jiran kuwa batir yake ci. Shi ya sa masu ƙera su ke sa na'urar ta riƙa gwada agogon barcinta da babban kiristal lokaci-lokaci, musamman idan ta ji zafi ya sauya. Duk hukuma ko ƙungiyar da za ta sayo irin waɗannan kaya don Kona da maƙwabtanta, ya kamata ta duba takardar kayan ta ga iyakar zafin da aka gwada su a kai, ta kuma tambayi wanda zai riƙa auna zangonsu bayan an kafa.