Yadda Masu Ilmi Suke Raɗa wa Tsiro Suna

In mutumin Sakkwato ya shiga kasuwar Kano ya ce a auno masa gujiya, ba mamaki a auno masa kwaruru, alhali kuwa shi gyaɗa yake nufi. In iri ya aiko a saya masa, aka kai masa ba a duba ba, kun ga an yi hasara. Wannan fa tsakanin Bahaushe da Bahaushe ke nan. To, ina ga Bafillace da ke kiran kuka ɓokki? Balle mutumin wata ƙasa mai nisa, wanda likita ko malamin gona zai rubuta wa takarda a kan wani tsiro.

Saboda haka masu ilmi na duniya suka shirya, kowane tsiro a ba shi suna guda wanda kowa zai san shi da shi. Da harshen Latin ake rubuta sunan, watau harshen Rumawan dā, domin shi ne harshen karatun Turawa a wancan zamani.

Wanda ya kafa wannan hanya wani likita ne mutumin Suwidin, sunansa Linnaeus. An haife shi a 1707, ya rasu a 1778. Kafin shi, sunan tsiro ɗaya yakan cika layi guda, don sai an zana siffar ganyensa da furensa duka. A 1753 ya fitar da wani babban littafi, ya ba kowane tsiro kalma biyu tak. Ta farko sunan dangi, ta biyu sunan yanka. Mu mukan fara da sunan yanka, su kuwa sunan dangi suke sawa gaba.

Ku dubi ɓaure, da durumi, da cediya, da gamji. Ganyensu ba ɗaya ba ne, amma in kun sassari kowanne sai farin ruwa ya fito kamar madara, in kuma kun fasa 'ya'yansu za ku ga cikinsu iri ɗaya. Duk dangi guda ne, ana ce da shi Ficus. Ɓaure Ficus sycomorus, gamji Ficus platyphylla. Haka albasa da tafarnuwa, su biyun Allium ne. Fure da 'ya'ya aka fi dubawa wajen gane dangi, ba tsawo ko kauri ba. Shi ya sa kwaruru, ko da yake tana 'ya'ya cikin ƙasa kamar gyaɗa, aka sa ta gida ɗaya da wake, watau Vigna. Gyaɗa kuwa Arachis ce.

Ina ake samo sunayen? Waɗansu daga bakin mutane ne. Tsamiya ana ce mata Tamarindus, daga Larabci, ma'anarsa dabinon Indiya. Waɗansu kuwa takwarorin mutane ne. Kuka ta ci sunan Adanson, wani Bafaranshe da ya je Senegal a 1749 ya yi shekaru yana binciken itatuwa, sai aka ce mata Adansonia. Ɗorawa ta ci sunan Mungo Park, Baturen nan da ya bi kogin Kwara cikin jirgi har ya mutu a Busa a 1806. Bayan shekara 20 aka raɗa mata Parkia. Kun ga kalwar da ake yin daddawa da ita, uwarta takwarar Bature ce, ita ba ta ma sani ba.

Abin yana da doka. A 1867 masu ilmin tsiro suka taru a Faris suka rubuta dokokin, yanzu kuma sukan sake zama wajen shekara shida shida su gyara. Sunan dangi da babban baƙi ake fara shi, sunan yanka da ƙarami. Ba a ba dangin tsiro biyu suna ɗaya. Wanda ya sami sabon tsiro sai ya buga bayaninsa inda kowa zai iya karantawa, ya kuma busar da reshensa a ajiye don shaida.

Dokar da ta fi kawo gardama ita ce, wanda ya riga raɗa suna, nasa ne suna. Daga 1753 ake fara lissafi. Kaɗanya ta daɗe ana kiranta Butyrospermum, sunan da aka ba ta a 1865. Ashe tun 1807 wani ya riga ya ce mata Vitellaria. Da aka duba, sai aka koma wa tsohon.

Amma akwai ranar da aka kauce. Bagaruwa da dakwara, mai ba da ƙaro, dā duk Acacia ake ce musu, tare da itatuwa kusan 1,000 na Ostareliya. Bincike ya nuna ba dangi ɗaya ba ne, dole a raba. Bisa doka bagaruwa da 'yan'uwanta ke da sunan, domin ita ce shaidarsa ta fari. Mutanen Ostareliya suka ce nasu sun fi yawa, sake musu suna wahala ce babba. Aka yi ƙuri'a a 2005, aka bar musu. Masu ilmi da dama ba su ji daɗi ba, musamman na Afirka, aka sake tayar da maganar a 2011, hukuncin bai sake ba. Yanzu bagaruwa Vachellia ce, dakwara kuma Senegalia. In malamin daji ya nuna muku tsohon littafi kuka ga an rubuta Acacia nilotica, bagaruwar nan ce dai da majema ke jima da ita.