Kafin a Wanke Kwamfutar Shago, a Fara Ceto Littafin Bashi

A unguwar Atrone da ke gunduma ta bakwai ta birnin Njamena, kamar sauran wuraren da 'yan kasuwarmu ke zaune, kwamfutar tebur ta soma maye gurbin tsohon littafin bashi. A cikinta ake rubuta kayan da suka taso daga Kano, suka biyo ta Maiduguri da Gamboru da Fotokol zuwa Kusseri, kafin su haye gadar Ngueli. A ciki kuma ake lissafin wane ya biya da sefa, wane da naira. To, ranar da ta yi nauyi ko kwayar cuta ta shige ta, maganar mai gyara ɗaya ce: "Alhaji, sai an yi mata fomatin."

Mai karatu ya sani, fomatin wanke ma'adanar kwamfuta ne. Babbar manhajar da ke tafiyar da ita za ta tafi, sunayen masu bashi da takardun kwastan su bi ta. Don haka rigakafi ya fi magani: kwafe bayananka a filash biyu, ka buɗe su a wata kwamfutar ka tabbatar sun shiga, sannan ka ba da izini.

Bayan nan sai zaɓen manhajar da za a ɗora. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows XP a 2014, Windows 7 a 2020, Windows 10 kuwa ranar 14 ga Oktoban 2025, in ban da waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi. Windows 11 tana bukatar ƙwaƙwalwa mai gigabait 4, da ma'adana mai gigabait 64, da wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, wanda yawancin tsofaffin kwamfutocin gwanjo ba su da shi. Mai irin wannan sai ya duba Linux Mint ko Ubuntu; kyauta ne, kuma manhajar LibreOffice tana buɗe jadawalin Excel.

Aikin kansa ba wuya. Ana zuba manhajar a filash mai aƙalla gigabait 8, a soka, a kunna kwamfuta ana danna F12 idan Dell ce, F9 idan HP ce, a zaɓi filash ɗin. A nan ne ake yin ɓarna. Idan ma'adanar ta kasu biyu, ɓangaren da tsohuwar manhajar take kaɗai za a goge. Allon ba ya nuna harafin C ko D, don haka a gane su ta girmansu. A kuma haɗa da batirin ajiya ko janareta, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki kan mayar da hannun agogo baya.

Akwai wani abin da ya shafi mu mazauna kan iyaka. Allon rubutun Faransanci da A-Z-E-R-T-Y yake farawa, wanda ya fito daga Najeriya kuwa da Q-W-E-R-T-Y. Idan aka zaɓi wanda bai dace ba, ka danna A sai Q ta fito, kalmar sirrinka ma ta ƙi buɗewa.

Wanda aka riga aka wanke masa ba tare da kwafe ba, ya kashe kwamfutar nan take. Fomatin na gaggawa jerin sunayen fayiloli yake sharewa, don haka manhaja irin PhotoRec kan iya dawo da wasu muddin ba a rubuta sabo a kansu ba, ko da yake a ma'adanar SSD fatan kaɗan ne. Wannan gargaɗi ne kuma ga mai shirin kai tasa kasuwar Dembe: ya sa a yi mata cikakkiyar wankewa, kada sirrin cinikinsa ya bi ta hannun wani.