Juyin Abu da Kishiyarsa a Falsafar Mutanen Sin

Tun fil azal masana ke tambayar dalilin da ya sa babu wani abu a duniya da yake dawwama a kan hali guda. Amsar da masana falsafar ƙasar Sin suka bayar ita ce, halitta duka tana kai da kawowa ne tsakanin abubuwa biyu, watau yin da yang. Asalin ma'anar yin shi ne gefen dutse mai inuwa, yang kuwa gefen da rana take bugawa. Dutsen guda ne, amma da rana ta karkata sai inuwa ta sauya wuri. Daga nan aka faɗaɗa ma'anar: sanyi da duhu da natsuwa suka zama yin, zafi da haske da motsi suka zama yang.

Wani malami na zamanin daular Song, Zhou Dunyi (1017–1073), ya bayyana cewa motsi idan ya kai matuƙa yakan koma natsuwa, natsuwa kuma idan ta cika sai ta haifi motsi. Alal misali, a ƙasar Sin dare yana kaiwa iyakar tsawonsa wajen 21 ko 22 ga Disamba, daga nan ne kuma yini yake fara ƙaruwa. A nan ra'ayin ya sha bamban da na Mani, wanda aka haifa a shekarar 216 a ƙasar Babila, domin shi ya ɗauki haske da duhu a matsayin abokan gaba. Yin da yang kuwa kowanne yana rayuwa ne da ɗan'uwansa.

Sai dai fa ra'ayin bai tsira daga hannun masu mulki ba. A ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), Dong Zhongshu, masanin daular Han, ya fifita yang a kan yin, ya jingina sarki da uba da miji ga yang, bafade da ɗa da mata ga yin. Ta haka abin da yake juyawa ya zama matakala mai sama da ƙasa.

Amma duk wanda ya yarda da asalin ra'ayin tilas ya yarda da abin da yake biye da shi, watau cikar iko ita ce mafarin raguwarsa. Hausawa ma sun ce duniya rawar 'yammata ce, na gaba ya koma baya.