Bashin Ƙofar Gida da Bashin Gida: Wanne Za A Fara Biya?

Duk wanda ya san kasuwannin Tchirozerine, Arlit da Akokan ya san cewa cinikinsu da albashin ma'aikatan ma'adinai yake tafiya. Ran da aka yi biya, mai shinkafa ta sayar, mai atamfa ta sayar, mahauci ya ƙara yanka. To, tun daga ranar 31 ga Maris 2021, da kamfanin COMINAK ya rufe mahaƙarsa ta Akouta, ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan 'yan kwangila, kasuwa ta yi sanyi. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka rufe iyakar Benin, inda yuraniyom ke bi zuwa tashar jirgin ruwa ta Kwatano, kamfanin SOMAIR shi ma ya shiga wani hali, har gwamnati ta mayar da shi hannunta a Yunin 2025. Ita ma Tchirozerine abin ya taɓa ta, domin kamfanonin yuraniyom su ne manyan masu sayen wutar da SONICHAR ke samarwa da kwal ɗin Anou Araren.

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Sai dai a gidaje da dama yanzu hanjin biyu ne. Na farko shi ne bashin gida: maigida ya ci bashin banki lokacin yana da albashi, ya ba da takardar fili jingina domin ya yi gini, tunda ya san gidan kamfani ba na gado ba ne. Albashi ya tsaya, biyan wata-wata ya taru. Na biyu kuma shi ne wanda uwargida ta ci domin ta riƙe gidan da sana'arta, a hannun masu ba da kuɗi ko kaya, waɗanda ke zuwa karɓa kullum a ƙofar gida ko bakin rumfa.

Abin da ke faruwa shi ne, wanda ke sallama kullum shi ake biya, saboda kunyar maƙwabta. Banki ba ya zuwa ƙofar gida, takarda kawai yake aikowa, sai a cusa ta ƙarƙashin katifa. Alhali mai karɓar kullum iyakarsa ya ɗaga murya ko ya kai ƙara, shi kuwa mai riƙe da takardar fili yana iya sa kotu ta yi gwanjon gidan da yara ke kwana a ciki. Saboda haka bayan abinci da magani, bashin gida ne a gaba.

Mu ɗauki misali. Mace ta karɓi jika 50, za ta riƙa biyan jika 1 kullum har kwana 60. Ta biya jika 60 ke nan, wato ƙarin kashi 20 cikin 100 a wata biyu, wanda a shekara ya kai kashi 120. Idan ba a manta ba, daga farkon 2014 ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da kuɗin sefa, ciki har da Nijar, sun ƙayyade cewa ruwan da ƙananan cibiyoyin ba da bashi za su ɗora kada ya wuce kashi 24 a shekara, kuma wuce iyakar laifi ne a doka. Ke nan 'yar kasuwar da ta nemi sassauci ba roƙo take yi ba, tana da hujja.

To, yaya za a nemi ragin? Da farko ki zauna ki yi lissafi. A ce ribarki ta yini jika 3 ce, cefane ya ci jika 1 da rabi, bashin gida kuma jika 30 a wata, wato jika 1 kullum. Abin da ya rage rabin jika ne, shi za ki iya bayarwa, kada ki yi alkawarin abin da ya fi haka. Na biyu, kada ki ɓuya. Ki same shi tun kafin ya zo, tare da shugabar matan kasuwa, mai unguwa ko liman. Ki amsa cewa uwar kuɗin tana kanki, ki nemi a rage na kullum, a ƙara kwanaki, a kuma tsayar da ƙari. Mai bashi ya fi son kaɗan mai zuwa kullum da mai yawa da ba ya zuwa. Na uku, a rubuta abin da aka shirya a gaban shaidu, kowane biya kuma ya shiga littafi. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni da a saurara wa wanda ke cikin ƙunci, ta 282 kuma ta yi umarni da rubuta bashi.

Ta ɓangaren banki ma akwai ƙofa. Maigida ya je da takardar sallama daga aiki, ya nemi a sake tsara biyan. A dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke aiki da ita, ba a kama gida sai an fara kawo takardar gargaɗi mai wa'adin kwana 20, kuma alƙali na da ikon ɗage biya ko rarraba shi har tsawon shekara guda idan ya duba halin wanda ake bi. Amma sai wanda ya je ake saurara.

Babban abin gudu shi ne cin sabon bashi domin biyan tsoho, ko sayar da jari a rufe bakin mai karɓa, domin ran da jari ya ƙare duka basussukan biyu sun tsaya. Mai neman ɗan jari gara ta shiga adashe ko ƙungiya irin ta Mata Masu Dubara, wadda aka faro a jihar Maraɗi a 1991, inda mata ke zubi duk mako su ranta wa juna, abin da aka samu kuma ya dawo asusunsu.

Maganar masu tsegumi a bakin rumfa ta kwana biyu ce, gida kuwa in ya fita hannu da wuya ya dawo. Allah Ya rufa mana asiri, Ya hore mana abin biya, amin.