Ajin Haziƙai a Makarantar da Ta Cika Maƙil: Abin da Ya Faru a New York

A shekarar 2022 hukumomi suka ɗauki matakai biyu a kan makarantun gwamnati na birnin New York, watanni biyar kacal tsakaninsu. A watan Afrilu, magajin gari Eric Adams da shugaban makarantun birnin David Banks suka ba da sanarwar faɗaɗa shirin koyar da yara masu baiwa, inda za a ƙara gurabe 100 a ajin share fage da gurabe 1,000 a aji uku na firamare. A watan Satumba kuma gwamnar jihar, Kathy Hochul, ta sa hannu a kan dokar rage cunkoso: daga ajin share fage zuwa aji uku kada yara su wuce 20, daga aji huɗu zuwa takwas 23, a babbar sakandare 25. Kowane ɗaya daga cikin matakan abin yabo ne idan aka dube shi shi kaɗai. Matsalar ita ce, ɗakunan karatun da za a yi amfani da su iri ɗaya ne, malaman su ne dai, asusun ma guda ne. Wannan karo da juna ya cancanci nazarin duk mai ɗa a makarantar gwamnati, a ko'ina yake.

Hujjar masu son a ware wa haziƙai aji ba ta da wuyar fahimta. Akwai yaron da yake shiga aji ɗaya ya riga ya iya karatu, ko ya gama lissafin da aka bayar kafin malami ya juyo daga allo. Idan aka bar shi yana jiran sauran shekara da shekaru, ɗayan biyu ne: ko ya koyi lalaci domin komai na zo masa a ɓagas, ko ya zama fitinanne saboda gundura. Amurka ta fara ɗaukar lamarin da gaske bayan Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron ɗan'adam Sputnik a 1957, abin da ya tsorata ta har majalisa ta yi dokar zuba kuɗi a ilimin kimiyya da lissafi a 1958. A 1972 kwamishinan ilimi na ƙasar, Sidney Marland, ya miƙa wa majalisa rahoton da ya nuna cewa irin waɗannan yara suna da buƙata ta musamman, kuma yawancinsu ba sa samun ta. Samar musu da koyarwar da ta dace da su haƙƙi ne, kamar yadda yaron da ke fama da karatu yake da haƙƙin a tallafa masa.

Inda gizo ke saƙa shi ne: wa zai tantance haziƙi, da wane ma'auni, kuma yana ɗan shekara nawa?

New York ce ke da tsarin makarantun gwamnati mafi girma a Amurka, mai ɗalibai wajen miliyan ɗaya, an raba firamarenta zuwa gundumomi 32. Kafin 2008 kowace gunduma tana da hanyarta ta zaɓen yaran. A wannan shekara, zamanin magajin gari Michael Bloomberg da shugaban makarantu Joel Klein, aka mayar da zaɓen ya zama ta jarrabawa guda ga kowa, da niyyar kawar da son kai da alfarma. Yara 'yan shekara huɗu ne suka riƙa zaman jarrabawar. Wanda makinsa ya zarce na kashi 90 cikin 100 na tsararsa ya cancanci ajin haziƙai a gundumarsa, wanda ya zarce kashi 97 kuma yana iya neman ɗaya daga cikin makarantu biyar na birni baki ɗaya, irin su Anderson da NEST+m. A lokacin, duk shekara yara wajen 15,000 ne suka riƙa takarar gurabe kusan 2,500.

An gudu ba a tsira ba. Jarrabawar ba dole ba ce, sai iyayen da suka ji labarinta suka yi wa ɗansu rajista. Masu hali suka shiga biyan kuɗin lesin domin a horar da yaro ɗan shekara huɗu yadda zai zauna gaban baƙo ya amsa tambayoyi. A unguwannin talakawa kuwa, irin su Kudancin Bronx da Brownsville, waɗanda suka haye ba su kai a buɗe musu aji ba, har wasu gundumomi suka wayi gari babu ajin haziƙai ko ɗaya a cikinsu. Bronx ɗin nan ita ce mazaunin ɗimbin 'yan Afirka ta Yamma, ciki har da Hausawan Ghana da Nijar, mutanen da sau da yawa ba Turanci ake yi a gidajensu ba. Ƙarshenta, a tsarin da kusan kashi biyu cikin uku na ɗalibansa baƙar fata ne ko 'yan asalin Latin Amurka, kusan kashi 75 cikin 100 na kujerun haziƙai suka faɗa hannun farar fata da 'yan asalin Asiya. Ba cewa ake yi yaran da suka ci ba su da ƙoƙari ba. Abin da ake cewa shi ne, jarrabawar ɗan shekara huɗu ta fi auna abin da aka yi masa tanadi a gida fiye da abin da Allah ya zuba masa a ka.

Daga nan shirin ya zama ƙwallon siyasa. A 2019 wani kwamitin ba da shawara da magajin gari Bill de Blasio ya kafa ya ce a rushe shi. A Janairun 2021 majalisar da ke amincewa da kwangilolin makarantu ta ƙi sabunta kwangilar kamfanin da ke shirya jarrabawar, sai aka koma ga shaidar malaman nazare haɗe da ƙuri'a. A Oktoban wannan shekara de Blasio ya ce za a soke azuzuwan sannu a hankali, amma saura 'yan watanni ya sauka, kuma wanda ya gaje shi, Eric Adams, ya juya akalar zuwa faɗaɗawa. A 2025, lokacin yaƙin neman zaɓen magajin gari, ɗan takara Zohran Mamdani ya ce zai daina ɗaukar yara cikin shirin tun daga ajin share fage. Iyaye dai suna tsakiya, ba su san da wace ƙa'ida ƙanin yaro zai tarar ba.

To, ina cunkoso ya shigo? A birnin, yawancin makarantun firamare suna da yankin da suke yi wa hidima, yaron da ke zaune a yankin shi ke da fifiko. Ajin haziƙai kuwa yana ɗebo yara daga faɗin gunduma. A ɗauka makaranta tana da ɗakuna huɗu na aji ɗaya. Idan aka ware guda ga haziƙai, 'ya'yan unguwa su matsu a cikin ukun da suka rage, ko a jera wasunsu a layin jira, ko a tura su wata makaranta mai nisa. A unguwanni irin su Corona da Elmhurst a yankin Queens, an daɗe ana karatu a ɗakunan wucin gadi da aka girke a filin wasa. Shugaban makarantar da ke cikin wannan hali, idan aka ce masa ya buɗe sabon aji, ɗakin zane ko na kiɗa ko ɗakin littattafai zai fara kallo, wato abubuwan da duk yaran makarantar ke mora.

A ɗaya gefen kuma akwai makarantun da ɗakunansu ke zaune fayau, musamman bayan annobar korona da ta sa ɗalibai fiye da 100,000 suka ragu a tsarin. Kai ajin haziƙai irin wannan wuri yana jawo iyaye masu hali, amma yakan haifar da makarantu biyu a gini guda: yara suna shiga ta ƙofa ɗaya, suna cin abinci a zaure ɗaya, amma kowa ya san ajin "masu ƙwaƙwalwa" da ajin "sauran". Yaro ɗan shekara shida ba ya buƙatar a gaya masa a wanne aka ajiye shi.

Dokar rage cunkoso ta ƙara ɗaure lamarin. Kafin ita, yarjejeniyar ƙungiyar malamai ta yarda da yara 25 a ajin share fage da 32 daga aji ɗaya zuwa shida. Saukowa zuwa 20 na nufin yaran da ɗakuna biyu ke ɗauka a da yanzu sai uku, wani lokaci har huɗu. An tsara a bi dokar daki-daki, kashi 20 cikin 100 na azuzuwa duk shekara, a kammala a 2028. Ofishin bin diddigin kasafin kuɗi mai zaman kansa na birnin ya ƙiyasta a 2023 cewa ana buƙatar ƙarin malamai kusan 17,700, da kuɗin da ya haura dala biliyan ɗaya da rabi a kowace shekara. Su ma azuzuwan haziƙai dokar ta hau kansu, kuma da yawansu cike suke saboda rububi. Ke nan, a riƙe adadin kujerun da ake da su ma sai an ƙara ɗakuna, balle a faɗaɗa.

Shin rage yawan yara a aji yana da amfanin da ya kai wannan kuɗi? An gwada a jihar Tennessee tun daga 1985, a wani gwaji na shekara huɗu mai suna STAR da ya shafi yara fiye da 11,000. An rarraba su ta hanyar ƙuri'a, wasu a aji mai yara 13 zuwa 17, wasu a mai 22 zuwa 25, daga ajin share fage har aji uku. Na ƙananan azuzuwa suka fi samun maki a karatu da lissafi, kuma ribar ta fi yawa ga baƙar fata da 'ya'yan talakawa. Wannan ya shafi batun haziƙai kai tsaye. Tunda yanzu malami ne ke shaidar wanda ya cancanta, to idonsa shi ne jarrabawar. Malamar da ke da yara 18 za ta lura da yarinyar nan mai shiru da ke warware lissafi ta hanyar da ba a koya mata ba. Mai yara 32 kuwa masu ɗaga hannu da masu surutu kawai za ta sani. Cunkoso ba hana haziƙi ci gaba kaɗai yake yi ba, hana a gano shi yake yi tun farko.

Gundumar Broward a jihar Florida ta nuna abin da ke faruwa idan aka duba kowa. A 2005 ta fara yi wa duk yaran aji biyu gwajin da ba ya dogara da iya Turanci, maimakon jiran iyaye ko malamai su gabatar da suna. Masana tattalin arziki biyu, David Card da Laura Giuliano, suka bi sawun sakamakon: adadin baƙaƙen yara da aka gano suna da baiwa ya ƙaru da kusan kashi 80 cikin 100, na 'yan asalin Latin Amurka da kusan 130. Yaran suna nan zaune a azuzuwansu tun da can, ba a dai dube su ba ne. Da aka datse kasafin kuɗi aka dakatar da gwajin, adadin ya sake faɗuwa.

Ko gwajin da ya fi kowane inganci ma yana kuskure. Lewis Terman na jami'ar Stanford ya fara tara yara wajen 1,500 masu kaifin basira a 1921 domin ya bi rayuwarsu. Cikin waɗanda aka gwada ba su kai ba akwai William Shockley da Luis Alvarez, waɗanda daga baya kowanensu ya ci kyautar Nobel a kimiyyar fiziks. A cikin zaɓaɓɓun kuwa babu wanda ya ci. Ƙofar da ake buɗewa sau ɗaya a rufe ta har abada za ta bar irinsu a waje.

Shi ya sa ɓangaren da ya fi ma'ana a faɗaɗawar 2022 shi ne ƙofar aji uku. An gayyaci kashi 10 cikin 100 na yaran da suka fi ƙoƙari a aji biyu a kowace makaranta su nemi gurbi. Ana gwada yaro da abokan karatunsa, ba da ɗan attajirin wata unguwa ba, kuma bayan malamai sun yi shekaru suna ganin aikinsa. Akwai kuma hanyoyin da ba sa cin ɗaki: a tara haziƙai biyar ko shida a aji na kowa a hannun malamin da aka horar, a bar yaro ya je aji na gaba a darasin da ya yi fice a ciki, ko a tsallakar da shi aji gaba ɗaya idan ya isa.

Mu ma a Najeriya ba baƙi ba ne ga wannan tunani. Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, gwamnatin tarayya tana da makarantar haziƙai a Suleja, Jigawa tana da tata a Bamaina. Makarantun Dawakin sun yaye likitoci da injiniyoyi da Arewa ke alfahari da su. Amma duka na sakandare ne, kuma duk ɗaliban da suke ɗiba sai da suka bi ta firamare. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, alhali kowa ya san azuzuwan da yara suka ninka hakan suna zaune a ƙasa. Yaron da ya gama aji shida bai iya karanta takardar jarrabawa ba, komai baiwarsa, ba zai ga ƙofar Suleja ba.

Don haka duk lokacin da aka zo da albishirin sabuwar makarantar haziƙai ko sabon aji, iyaye da kwamitocin makarantu su yi tambayoyi huɗu kafin tafi. Daga ina za a samo ɗakin da malamin, kuma yaran da aka bari nawa za su koma a aji? Za a gwada kowane yaro ne, ko sai wanda iyayensa suka san hanya? Wanda bai shiga bana ba, yana da damar shiga baɗi? Me aka tanadar wa haziƙin da ƙuri'a ba ta faɗo kansa ba? Hukumar da ta amsa waɗannan da alƙaluma da kasafi a goya mata baya. Wadda ta kasa, a ce mata ta fara gina ɗakuna da ɗaukar malaman aji ɗaya zuwa uku, domin a can ne za a samo yaran da za su cika ajin da take son buɗewa.